Tarihin Auna Tunani da Hujjar Ɗalibi a Ƙasar Hausa: Darasi Daga Iyakar Jibiya

1.0 Gabatarwa

Duk malamin jami'a da ya taɓa zama ya duba takardun jarrabawar ƙarshen zango ya san wani abu da ba kasafai ake faɗarsa a bainar jama'a ba. Abin kuwa shi ne, yawancin abin da muke bai wa maki maganarmu ce da muka yi a aji, ta dawo mana da rubutun hannun ɗalibi. Wanda ya fi kowa maido mana da ita ba ragi ba ƙari, shi ne kan zo na ɗaya. To, amma wannan ɗalibin gobe shi ne alƙali, shi ne likita, shi ne jami'in kwastan a bakin iyaka, inda za a kawo masa al'amarin da babu shi a cikin littafin kowa, a kuma bukace shi da ya yanke hukunci.

A wannan maƙala za mu bi tarihin hanyoyin da aka bi a ƙasar Hausa wajen gane ko ɗalibi ya iya tunani da kafa hujja. Za mu fara da zauren malamai, mu biyo ta kan jarrabawar takarda da ta zo tare da boko, sannan mu duba tsarin koyo ta hanyar warware matsala wanda ya ɓullo a Kanada a 1969. Daga nan sai mu ɗauki iyakar Jibiya mu nuna yadda za ta iya zama fagen gwaji.

Kafin mu shiga, ya kamata mu fayyace kalmominmu. Idan muka ce tunani mai bin diddigi, muna nufin iya rarrabe da'awa da dalilinta, da tambayar inda labari ya fito, da gane abin da dalili ya isa ya tabbatar da abin da bai isa ba. Idan kuwa muka ce kafa hujja, muna nufin jera waɗannan dalilai a gaban wanda bai yarda ba, ta yadda zai sami abin kamawa ko abin rushewa.

2.0 Mas'ala da Jayayya a Zauren Malamai

Sananne ne cewa makarantar ilimi ba ta da aji, ba ta da ranar jarrabawa. Almajiri kan zo da littafinsa, ya karanta matani, malam ya fassara masa da Hausa ko Fulatanci, ya yi sharhi, gobe ya dawo ya biya. In ya sauke littafi sai ya ɗauki na gaba, in kuma malam ya gamsu da shi sai ya ba shi ijaza, wadda ke haɗa shi da silsilar malaman da aka karɓo littafin daga gare su. Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar mana hoton wannan tsari a cikin Ida'un Nusukhi, inda ya lissafa malamansa da littattafan da ya karanta a wurin kowannensu.

Masu sukar wannan tsari sukan ce hadda ce kawai. Wannan magana tana da gaskiya a matakin farko, amma ba ta kai ga matakin manyan ɗalibai ba, domin a can abin da ke nuna malami shi ne mas'ala, watau al'amarin da ya auku wanda nassi bai ambace shi da sunansa ba. Alal misali, bayan Askiya Muhammadu ya karɓi mulkin Sanwai a 1493, ya gabatar wa Shaihu Magili tambayoyi a kan abubuwan da suka dame shi, ciki har da matsayin Sunni Ali da mutanensa da dukiyar da suka bari. Kowace tambaya ta zo da labarinta, kowace amsa kuma sai da aka ɗora ta a kan ƙa'ida. Haka Ahmad Baba na Tambutu ya yi a 1615 da mutanen Tuwat suka tambaye shi wanda ya halatta a bautar da wanda bai halatta ba, inda ya ambaci Kano da Katsina cikin ƙasashen Musulmi. Ashe ke nan fara karatu daga matsala ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Shi wannan Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Muhammadu Rumfa ya kuma ratsa Katsina, ya yi jayayya da Suyuɗi na Masar a kan ilimin manɗiƙi. Suyuɗi ya hana shi, Magili ya kare shi, har suka yi musayar baitoci. Ra'ayin Magili ne ya sami gindin zama a nan, domin Sullam na Ahalari ya shiga jerin littattafan da ake karantawa a zaurukanmu. A birnin Katsina na ƙarni na 17, inda Wali Ɗanmarina da Wali Ɗanmasani suka zauna, karatu ya yi zurfin da ya fitar da irin su Muhammadu Alkatsinawi, masanin lissafi wanda ya rasu a Alƙahira a 1741.

Misali mafi girma na kafa hujja a tarihinmu shi ne wasiƙun da suka gudana tsakanin Shehu Muhammadu Al'amin Elkanemi na Barno da Muhammadu Bello. Elkanemi ya nemi a gaya masa dalilin yaƙar Barno. Ya amsa cewa ana aikata saɓo a ƙasarsu, amma ya ce saɓo ba kafirci ba ne, kuma irinsa na nan a sauran ƙasashen Musulmi ba tare da an kafirta su ba. Bello bai tsaya a kan zancen saɓo ba, sai ya mayar da nauyin hujjarsa kan taimakon da Barno ta bai wa sarakunan Hausa a kan jama'ar Shehu. Abin lura a nan shi ne, da Bello ya zo rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, sai ya shigar da maganar abokin jayayyarsa a ciki, ya bar wa na baya su karanta ɓangarorin biyu. Wannan adalci ga abokin jayayya yana cikin abubuwan da za mu nemi a auna a gaba.

Har ila yau, zamanin ya bar mana gargaɗi. An yi wasu ɗalibai masu ilimin kalami waɗanda suka riƙa titsiye talakawa da tambayoyin tauhidi, duk wanda ya kasa kawo dalili irin na littafi sai su kafirta shi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi rubuce-rubuce da dama yana rushe wannan ra'ayi. Kuskuren waɗannan ɗalibai shi ne sun ɗauki iya maimaita lafazin dalili a matsayin fahimta, suka kuma ɗauki rashin iya maimaita shi a matsayin jahilci. Duk mai tsara jarrabawa yana iya faɗawa cikin wannan rami.

Ba za mu bar zaure ba sai mun faɗi rauninsa. Hukuncin mutum ɗaya ne, babu ma'auni na bai-ɗaya tsakanin wannan malami da wancan. Sa'annan ladabin da ke tsakanin malami da almajiri, duk da amfaninsa, yakan sa ƙaramin ɗalibi ya haɗiye tambayar da ta kamata ya yi.

3.0 Zuwan Jarrabawar Takarda

A 1909 Ɗan Hausa ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano. A 1921 Kwalejin Katsina ta karɓi ɗalibanta na farko zamanin Sarki Muhammadu Dikko, Gwamna Kilifod ya yi bikin buɗe ta a 1922, daga baya aka mayar da ita Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949. Manufarta ita ce fitar da malaman makaranta da ma'aikatan En'e, saboda haka aka fi mai da hankali ga kyautata Ingilishi da tarbiyya da da'a. Tare da ita da ire-irenta ne jarrabawar takarda ta kafu: rana ɗaya, tambaya ɗaya ga kowa, lokaci ƙayyadadde, maki a rubuce. Kafa hukumar jarrabawa ta Afirka ta Yamma a 1952 ya ƙara wa tsarin ƙarfi, kamar yadda alaƙar Kwalejin Jami'a ta Ibadan da Jami'ar Landan daga 1948 zuwa 1962 ta kai shi matakin digiri.

Kada mu raina abin da takarda ta kawo. Ta sa ɗan sarki da ɗan talaka a gaban tambaya ɗaya, ta kuma ba da damar gwada ɗaruruwa a lokaci guda, abin da zaure ba zai iya ba. Sai dai abin da ya fi sauƙin aunawa a takarda shi ne abin da aka tuna, don haka shi ne ya rinjayi karatun. Ba mamaki, jayayyar da ta fi tasiri a wancan zamani a wajen aji aka yi ta. Ƙungiyar tattaunawa ta Bauci a farkon shekarun 1940, wadda Sa'adu Zungur da Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka halarta, ta tattauna al'amuran mulkin En'e da zafin da ya sa hukuma ta kawo ƙarshenta. Babu wanda ya ba su maki, amma a can suka wasa takubban da suka shiga siyasa da su.

Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, Sashen Tarihi a ƙarƙashin Abdullahi Smith ya raya al'adar taron ƙara wa juna sani, inda mai bincike zai karanta takardarsa a yi mata filla-filla a gabansa. Daga wannan makaranta ne Yusufu Bala Usman ya fito da nazarinsa a kan tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883, wanda aka buga a 1981. Ya kuma yi wata maƙala a kan abin da Barth, Bajamushen nan da ya ratsa Katsina a shekarun 1850, ya rubuta. A ciki ya nuna cewa rubutun Bature mai gani da ido shi ma abin tuhuma ne kamar labarin baka: sai an tambayi wanda ya ba shi labari, da wurin da ya sauka, da ra'ayin da ya taho da shi daga gida. Wannan shi ne tunani mai bin diddigi a aikace. Sai dai kusan ɗaliban manyan digiri kaɗai ke cin moriyarsa, musamman ranar kare kundi.

Su kuwa ƙananan ɗalibai, yawansu ya ja tsarin zuwa wani ɓangare. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta kawo auna ɗalibi a kai a kai cikin zango, amma a wurare da yawa abin ya zama ƙaramar jarrabawa kafin babba. Hukumar shiga jami'a da aka kafa a 1978 ta dogara ga tambayoyin canki-canka, waɗanda suka koma kan kwamfuta gaba ɗaya a 2015. A tsallaken iyaka kuwa, makarantun Nijar sun gaji rubutun insha'in Faransawa, inda ake koya wa ɗalibi ya kawo ra'ayi, ya kawo kishiyarsa, sannan ya sasanta. Tsari ne mai kyau, amma shi ma ana iya haddace siffarsa a cika ta da abin da malam ya faɗa.

4.0 Koyo ta Hanyar Warware Matsala

A 1969 makarantar likitanci ta Jami'ar McMaster a Kanada, ƙarƙashin shugabanta na farko John Evans, ta karɓi ɗalibanta na farko a kan wani sabon tsari. Maimakon a fara da lacca, sai a ba ƙaramin rukunin ɗalibai labarin majinyaci. Su za su tattauna, su gano abin da ba su sani ba, su watse su nemo, su dawo su gwada abin da suka samo a kan matsalar. Aikin malami shi ne ja-gora da tambaya. Howard Barrows, wanda sunansa ya fi shahara da tsarin, ya fitar da littafi a kansa tare da Robyn Tamblyn a 1980. Maastricht ta ƙasar Holan ta ɗauka a 1974, wasu makarantu a Ostareliya da Amurka suka biyo baya. A Afirka ma, makarantun likitanci na Jami'ar Jazira a Sudan da Jami'ar Mashigin Suwez a Masar da Jami'ar Ilori a nan gida sun fara tura ɗalibai cikin al'umma domin su koya daga matsalolinta tun wajejen ƙarshen shekarun 1970.

Nan da nan tambayar da ta dame mu ta taso musu: yaya za a auna? A McMaster an ƙirƙiro abin da za mu kira jarrabawar tsalle uku. A tsallen farko ɗalibi zai zauna da mai jarrabawa, a ba shi matsala, ya faɗi zatonsa da abin da yake bukatar sani. A na biyu a sake shi ya je ya yi bincike na ɗan lokaci. A na uku ya dawo ya bayyana abin da ya samo da yadda ya gyara zatonsa na farko. Kyan wannan hanya shi ne ana ganin tunani yana tafiya. Aibinta kuwa cin lokacin malamai, da kuma saɓanin maki tsakanin wannan mai jarrabawa da wancan.

Sai kuma wani bincike ya zo ya girgiza masu tsarin. A 1978 Elstein da Shulman da Sprafka suka buga sakamakon nazarinsu a kan yadda likitoci ke warware matsala. Sun tarar cewa likitan da ya yi fice a wata matsala ba lalle ne ya yi fice a ta gaba ba, domin nasararsa ta rataya ne a kan sanin da yake da shi a wannan fanni. Ma'anar wannan a wurinmu biyu ce. Ta farko, tunani ba ya tafiya a kan iska, sai da ilimin abin da ake tunani a kansa. Ta biyu, matsala ɗaya ba ta isa a yanke wa ɗalibi hukunci ba. Saboda irin wannan ne Maastricht ta riƙi jarrabawar ci gaba, wadda duk ɗaliban makaranta ke zama sau huɗu a shekara a kan ilimin fannin baki ɗaya, McMaster ma ta ɗauki irinta a shekarun 1990.

Akwai kuma gwaje-gwajen tunani na gama-gari, irin na Watson da Glaser, waɗanda aka tsara da Ingilishi domin wasu al'ummu. Ɗauko su yadda suke a kawo Katsina ko Sakkwato yana da haɗari, domin mai yiwuwa abin da za su auna shi ne ƙwarewa a harshe da sabo da rayuwar Amurka. Abin da ya fi amfani gare mu shi ne tsarin da Toulmin ya shimfiɗa a 1958, inda ya rarraba hujja zuwa da'awa, da dalili, da abin da ya ƙulla su, da iyakar ƙarfinta, da abin da zai iya rushe ta. Duk wanda ya san ladubban bincike da munazara na malaman Musulunci, inda mai tambaya ke da ikon ƙin karɓar muƙaddima, ko rushe dalili, ko kawo dalilin da ya yi karo da shi, zai ga cewa ba nesa aka tafi ba.

5.0 Iyakar Jibiya a Matsayin Mas'ala

Matsalar da ta dace da koyarwa ita ce wadda ɗalibi ya san ƙasarta, masana kuma suka yi saɓani a kanta. Jibiya ta cika sharuɗɗan biyu. Garin yana kan hanyar Katsina zuwa Maraɗi, kuma ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da aka kafa a 2006, da na Jami'ar Tarayya ta Dutsinma ta 2011, da na Jami'ar Maraɗi ta 2010, da yawansu suna da dangi a ɓangarorin biyu.

Ga mas'alar: shin iyakar da ta ratsa tsakanin Jibiya da Maraɗi Turawa ne suka ƙirƙire ta daga babu, ko kuwa sun bi sawun rabuwar da suka tarar?

Ga abin da tarihi ya ajiye. A 1807 jama'ar Shehu suka ci birnin Katsina, Ummarun Dallaje ya zama sarki. Zuriyar tsoffin sarakuna suka yi arewa, daga bisani suka kafu a Maraɗi ƙarƙashin Ɗan Kasawa, kuma har yau ana kiran sarkinsu Sarkin Katsinan Maraɗi. Cikin ƙarni na 19 hare-hare ba su yanke ba tsakanin ɓangarorin biyu, musamman zamanin Ɗan Baskore. A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi a takarda daga Sayi zuwa Barruwa. A 1898 suka sake, suka zagaye Sakkwato da baka mai nisan mil 100. Faransawa suka koka cewa hanyar da aka bar musu daga Kogin Kwara zuwa Damagaram ba ta da ruwa, sai aka gyara a yarjejeniyar 1904, wadda ta ce a kula da rabe-raben siyasar da ke ƙasa, a bar wa Faransa mutanen Tasawa da Maraɗi da Damagaram gwargwadon iko. Yarjejeniyar 1906 ta ƙara fayyacewa, tawagar Tilho da O'Shee ta kafa alamomi tsakanin 1906 da 1908. Masana irin su Anene da Thom da Asiwaju da Miles da Lefebvre duk sun yi rubutu a kan wannan iyaka ko makamantanta, kuma ba su tsaya a kan magana ɗaya ba.

Bari mu ƙaddara ɗalibai uku. Na farko ya ce Turawa sun zauna a Balin sun raba Afirka da rula, suka raba Hausawa gida biyu. Wannan ya maimaita abin da ya ji ne, domin taron Balin na 1884 zuwa 1885 bai ja wannan layi ba. Na biyu ya gano yarjejeniyar 1904, ya ce to ai magana ta ƙare, Turawa sun bi iyakar da suka tarar. Wannan ya yi bincike, amma ya karɓi takardar mai mulki ba tare da tuhuma ba. Na uku ya tambayi abin da ya sa Faransa ta nace, ya gano zancen hanya da rijiyoyi. Ya lura cewa abin da ke tsakanin Katsina da Maraɗi a da daji ne mai faɗi wanda ikon kowa ke ƙaruwa da raguwa a cikinsa, ba layi mai turaku ba, kuma fatake da malamai da masu auratayya suna ratsa shi. Sai ya yanke cewa Turawa sun bi rabuwar sarauta, amma sun canza ma'anarta. A jarrabawar canki-canka ukun nan na iya samun maki ɗaya. A jarrabawar tsalle uku kuwa, tazarar da ke tsakaninsu ba za ta ɓuya ba.

Iyakar tana da wasu mas'alolin ga sauran tsangayoyi. An rufe ta daga 1984 zuwa 1986, an sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 domin hana fasa-ƙwaurin shinkafa da makamantanta, har aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, sannan aka rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Ɗalibin tattalin arziki da aka tambaya ko rufewar 2019 ce ta tayar da farashin abinci, dole ya rarrabe tasirinta da na annobar korona ta 2020 da na rashin tsaro a ƙauyuka. In ya ce tunda farashi ya tashi bayan rufewa to rufewar ce kaɗai sanadi, mun gane inda tunaninsa ya tsaya. Ɗalibin shari'a ko na aikin gona kuwa ana iya ba shi madatsar ruwa ta Jibiya da gulbin da ke gangarawa Maraɗi, tare da yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 a kan rabon ruwan ƙasashen biyu, a ce ya tsaya a matsayin manomin da ke ƙasan madatsa.

6.0 Abin da Ya Kamata a Auna

Daga wannan tarihi muna ganin abubuwa biyar ne ya kamata mai jarrabawa ya bai wa maki, kowanne daban:

(a) Fitowar da'awa fili, ta yadda za a san abin da ɗalibi ya tsaya a kai.
(b) Tuhumar madogara: wa ya faɗa, yaushe, da wace bukata.
(c) Ƙarfin igiyar da ta ɗaure dalili da da'awa.
(d) Kawo maganar abokin jayayya yadda shi kansa zai yarda an faɗe ta daidai.
(e) Sanin iyakar hujja, da sauya matsayi idan sabon dalili ya zo.

Wajen aiwatarwa, akwai sharuɗɗa. Kada a yi hukunci da matsala ɗaya. Masu jarrabawa su zama biyu, kuma ja-goran rukuni kada ya zama shi ke ba da makin ƙarshe, don kada ɗalibai su riƙa ɓoye masa jahilcinsu. Kowane ɗalibi ya sami makinsa ban da na rukuni, in ba haka ba mai baki zai ci guminsa ya ci na mai kunya. A riƙa raba ɓangarorin muhawara da ƙuri'a, domin ƙaramin ɗalibi ko ɗaliba su iya saɓa wa babba ba tare da an ɗauka rashin kunya ba ne. A bar ɗalibi ya kare hujjarsa da Hausa idan ya so, domin a rarrabe raunin Ingilishi da raunin tunani. Jarrabawar ilimin fanni kuma ta ci gaba a gefe, tunda mun ga hujja ba ta tsayuwa sai da sani.

Za a ce mana ajin da ke da ɗaruruwan ɗalibai ba zai ɗauki wannan ba. Gaskiya ne ba za a yi shi a kowane darasi ba. Amma ana iya ware darasi ɗaya a kowace shekara, a fara da 'yan ajin ƙarshe. Sabuwar manhajar da Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta fitar a Disambar 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta cika da abin da ya dace da muhallinta, wannan kuwa ƙofa ce a buɗe. Daɗin daɗawa, tun daga ƙarshen 2022 da manhajojin kwamfuta irin su ChatGPT suka bazu, aikin gida da aka rubuto ya daina zama shaida mai ƙarfi a kan tunanin wanda ya sa hannu. Zama gaba da gaba da ɗalibi, wanda zaure bai taɓa bari ba, ya sake zama dole.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa zaure ya iya gane zurfin ɗalibi amma ba shi da ma'auni na bai-ɗaya, takarda ta kawo ma'auni amma ta karkata ga hadda, tsarin warware matsala kuma ya dawo da mas'ala tsakiyar karatu amma ya sha wuya wajen aunawa. Babu ɗaya daga cikinsu da zai wadatar shi kaɗai. Shawararmu ga mahalarta wannan taro ita ce jami'o'in Katsina da Dutsinma da Maraɗi su haɗu su tsara mas'aloli a kan iyakar da ke tsakaninsu, da takardun Ingilishi da na Faransanci da na Larabci da labaran baka, su gwada ɗalibansu da ma'auni ɗaya, su kawo mana sakamakon a taro na gaba domin mu ma mu yi masa filla-filla. Ɗalibi yakan karanta abin da ya san za a tambaye shi ne. Muddin hadda muke saka wa da maki, hadda za a ci gaba da kawo mana.